Abin da na yi wa Baffa Sada a gaban malamai

Kankiya, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayata Khairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da yara, da aikin asibiti can Fatakwal. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare ku. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, geron gonarmu ta Tafashiya ya fara fitar da kai, tsohuwarmu Dada kuma ƙafar ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida. Na zaɓi rubutu ne don maganar da ke tafe da ni ba zan iya faɗa miki ita a waya ba. Game da mahaifinki ne, Baffa Sada, kuma ni ne mai laifi.

Watan jiya aka tara malaman Kankiya da Kusada don a koya musu koyarwa da kwamfutar hannu, yadda za su tsara darasi, su nuna wa yara bidiyo, su ba da aikin gida ta intanet. Ni aka ɗora wa koyarwar, kuma Baffa yana cikin waɗanda aka turo daga Kusada. Ya zauna a layin gaba da tabaraunsa. A rana ta biyu na haɗa na'urarsa da majigi, na ce ya buɗe darasin lissafi kowa ya gani. Yatsansa ya zame ya taɓa kyamara, sai ga fuskarsa ta cika bango, yana lalube. Ɗaki ya ɗauki dariya. Yaya, maimakon in matsa in gyara masa, sai na ce ai zamanin alli ya wuce, wanda bai iya ba, sai ya ba yara wuri. Aka ƙara shewa. Wani ya ɗauki abin a waya ya saka a zauren malamai na Wasaf, ni ma na sa alamar dariya a ƙasa. Na yi haka ga mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, ya koya mini lissafin rabawa da ƙwallon goruba a zaurensa.

Baffa kuwa har aka gama kwana uku yana zuwa kan lokaci. Bayan mako guda na ji ya mayar wa shugaban makarantarsu na'urar, ya ce idonsa ba ya gani, ya kuma roƙi a cire shi daga aji a mayar da shi ajiyar littattafai. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi.

Ranar Asabar na hau babur na tafi Kusada. Ya tarbe ni kamar kullum, ya sa aka kawo fura, ya tambayi lafiyar maiɗakina Salma da yara, bai taɓo zancen ba. Da ya fita sallar la'asar ne maiɗakinsa Inna Tani ta kira ni gefe. Ta ce tun da ya ji ni zan koyar, mako uku yana zuwa shagon mai cajin waya da rana yana koyon latse-latse, yana ce mata ba zai bari ɗansa ya ji kunya a gaban mutane ba. Wallahi Yaya, da ƙasa ta tsage da na shige. An ce magana zarar bunu ce, ban san nauyin wannan karin ba sai ranar.

Da ya dawo na durƙusa na roƙi gafara. Ya ce ya yafe, ai gaskiya na faɗa, in tashi kada rigata ta yi ƙura. Na ce ba gaskiya ba ce, don a duk waɗanda suka yi dariyar nan babu mai iya fahimtar da yaro lissafi kamarsa. Na roƙe shi ya koma aji, ni kuma in riƙa zuwa duk Asabar muna koyon na'urar mu biyu. Ya yi murmushi kawai, ya ce a bari a ga bayan girbi.

Na rubuta ban haƙuri a zauren malamai da sunana, an kuma goge bidiyon, amma wanda ya gani ya riga ya gani. 'Yan aji uku da yake koyarwa suna da jarrabawa a gaba, yanzu ba su da malamin lissafi. Don Allah ki kira shi, ke yake jin maganarki. Kada ki roƙar mini komai, ki dai roƙe shi ya koma wa yaran nan. Ni kuwa duk faɗan da za ki yi mini na cancance shi. Ko ya yarda ko bai yarda ba, Asabar mai zuwa ina ƙofar gidansa.

Ki gaishe da Malam Zainul Abidin, da Ilham da Talha. Dada da Salma suna gaishe ki ƙwarai.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Basiru