Labarina Ne a Ciki, Sunan Wata Ne a Gaba

Anti Rahmatu, don Allah ki taimake ni, kishi na neman raba ni da 'yata.

A unguwar Erdington ta Birmingham nake zaune. Sai da na haura arba'in na koyi karatu, a ajin manya na laburaren unguwarmu, kafin council, wato ƙaramar hukuma, su rufe ajin wai babu kuɗi. 'Yata ta fari tana digirin digirgir a Manchester, kan falsafar matan Latin Amurka, masu tambayar wa ke da ikon ba da labarin wa. Malamarta Dakta Celestina 'yar can ce. Kullum Celestina ta ce, Celestina ta yi. Har girkinsu ta koyo.

Bara 'yar tawa ta ɗauki muryata a waya, na ba ta tarihina kaf, har abin da babanta bai sani ba. Da ta zo hutu ta bar kundin bincikenta a falo. Kwana tara ina bi da yatsa. Shafin farko godiya ce ga Celestina, wai ita ta ba ta murya. Ni kuwa ina can babi na huɗu, an sa mini suna Raki. Wata mai zuwa za ta miƙa wa jami'a kundin. Ban ce komai ba, na dai daina ɗaga wayarta. Na san ban taɓa yabonta a gabanta ba, ko sunanta ba na faɗa, kunyar ɗan fari ce. Matar kuwa rungume ta take yi. Wa ya yi goyon?

Uwa mai damuwa

'Yar'uwa, sauya suna ƙa'idar bincike ce, don a rufa miki asiri. Ba kunyarki take ji ba. Amma tana da laifi: mai nazarin hakkin masu labari bai kamata ta sa naki ba tare da ta zauna ta karanta miki, kin amince ba.

Naki laifin shi ne shirun. Yarinyar da ta tashi a Birmingham ba lallai ta gane kunya ƙauna ce ba, shi ya sa ta je inda ake faɗa da baki. Celestina malama ce, ba ta ƙwace miki komai ba.

Ki kira ta yau, tun kundin yana hannunta. Ki ce kin karanta, ki faɗi abin da za a cire, da ko kina son sunanki na gaskiya. Sannan ki daure ki ce ta yi ƙoƙari. Allah Ya daidaita tsakaninku.