Ɗan Ciki da Ɗan Riƙo

Zuwa ga Rukayya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ya jiki, ya baƙuwarmu? Ki gaishe min da Inna Dije, Allah ya saka mata da wannan ɗawainiya. Tunda aka yanke sabis a Malumfashi wayata ta zama agogo kawai, dole na koma biro kamar ɗan firamare. Kada ki yi wa rubutuna dariya, na san halinki.

Ni dai ina nan Ƙofar Kwaya, lafiyar jiki ƙalau, amma ɗakin ya yi min girma. In na dawo aiki sai in dafa shayi in zauna bakin ƙofa ina kallon yaran mutane. Kewa nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Hutu kam oga ya hana kowa. Hanya ɗaya ta rage: akwai rakiyar motocin kaya zuwa wajenku ranar suna, kuma sunana na ciki. To, sai ga ƙaramar bindigata ta fara cijewa a wurin atisaye. Malam Babaji, dattijon da ke kula da ɗakin makamanmu, ya duba ya ce sifirin ɗinta ne ya gaji, wato ɗan naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke cikinta. Na kamfanin da ya ƙera ta an aika a kawo, sai bayan suna zai iso. Akwai wani na kasuwa a hannunsa, ba na kamfanin ba, yau ma zai iya sa min. Wanda bindigarsa ke wajen gyara kuwa ba ya fita rakiya.

Na ce masa ya sa kawai. Ya ce in je in kwana da maganar.

Mijinki,
Nu'uman

Zuwa ga Rukayya,

Bayan gaisuwa da fatan kina ƙara samun ƙarfi, ke da yarinya. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Na koma wajen Malam Babaji da zafina. Mutumin nan, Allah, sanyinsa na ba ni haushi. Shi a bakinsa kayan kamfani ɗan ciki ne, na kasuwa kuma ɗan riƙo. Bai kushe na kasuwar ba, ya ce wasu sun yi shekaru da shi ba abin da ya faru. Ya sa min, muka gwada, ta tashi lafiya lau. Har na fara murna, sai na tambaye shi ko ya tsaya mata. Ya ce, "Ta tashi yau a gabana. Gobe a daji kuwa, ɗan riƙo ne, ban san gidan da ya fito ba."

Bai san ni ma ɗan riƙo ba ne. Ke kin sani. Kawu bai taɓa bari na kwana da yunwa ba, amma ban taɓa cin abinci a gidansa ban ji kamar ana kallon lomata ba. Kin san kuma yadda hanyar nan take yanzu. Sai na hango a raina, in ba na nan, yarinyarmu zaune a tsakar gidan wani tana ci a hankali.

Na ce ya cire, zan jira na kamfani. Abokin aikina Siddiq zai tafi a madadina, shi zai kawo miki wannan takarda da atamfar da na saya a Babbar Kasuwa. Ki yi fushi in kina so, kina da gaskiya.

Naki,
Nu'uman

Zuwa ga Rukayya,

Ina gaisuwa, ya gajiyar taro? Allah ya raya Lailatu, ya yi mata albarka.

Su Siddiq sun dawo lafiya, ko kare bai tare su a hanya ba. Da na je, da ba abin da ya same ni. Wannan ya fi komai ci min rai, kuma duk da haka, da za a maido ni ranar, ban san ko zan sake shawara ba.

Ranar sunan na yi asuba a masallacin unguwa, na sayi goro na raba wa mutanen da ba su san dalili ba. Siddiq ya ce an ba shi ita ya ɗauka, wai ba ta da nauyi, wai ta kama masa yatsa ta ƙi saki. Na tambaye shi wanne. Da ya miƙo min hannu za mu yi sallama, na riƙe na daɗe, har ya dube ni ya kau da kai.

Ki faɗa mata sunana a kunne, ko ba ta ji.

Mijinki mai kewarku,
Nu'uman