Sunan da Mma Azara Ta Kira a Talabijin

Salaga, 9 ga Mayu, 1992

Ƙanwata Atikatu,

Ina gaishe ki da maigidan da yara. Ya ƙafar taki?

Gyara zama, yayarki ta shiga talabijin. Wasu mutane ne suka zo daga Akra da kyamara, suna wasan wani manomi, Sidiku, da ya haƙo zinariya a gonar doyarsa, ya gina bene, ya manta da uwarsa. Wadda za ta fito a matsayin uwar, zazzaɓi ya kwantar da ita a Tamale. Babbansu ya zo cin wake da shinkafa a rumfata ta tasha, ya iske ina zazzaga wa wani direba faɗa kan farantina, sai ya ce, "Mma, ke muke nema." Na ce nema kuma, ni da nake nan shekara ashirin?

Aikin ba wuya. In zo ƙofar bene da ƙunshina, ɗan ya leƙo ya ce wa maigadi bai san ni ba, ni kuma in kira "Sidiku" ina kuka. Har albasa suka kawo wai in shafa a ido. Na ce su ba ni in sa a miya. Sau ɗaya na yi, babban ya ce ya isa, yana share fuska. Za a nuna Lahadin ƙarshen wata.

Yaron nan nawa kuwa, ɗan Bawku, shiru. Tun da albasa ta yi masa arziki a damina ɗaya, shekara biyar ke nan atamfa ce ke zuwa gaishe ni.

Yayarki, Azara.

*

Yendi, 2 ga Yuni

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mun gani! Maƙwabcinmu ya fito da akwatinsa tsakar gida, ya jona da batirin mota, unguwa ta cika har kan katanga. Ina ta cewa "yayata ce, nono ɗaya muka sha", har aka ce in yi shiru ko in fita. Kin yi kyau, sai dai wannan ɗankwalin nawa ne.

Amma Yaya, kin san abin da kika yi kuwa? Ba Sidiku kika kira ba. Sumaila kika ce, har sau uku. Ke da tun ranar suna ba ki taɓa kama sunan ɗan farinki ba, sai "yaron nan", sai "ɗan Bawku", kika tashi kika kira shi gaban Gana duka. Tsofaffin wurin sun riƙe baki. Ni dariya na fara, sai na ga ina kuka.

A Bawku ma suna da talabijin fa.

Ƙanwarki, Atikatu.

*

Bawku, 6 ga Yuni

Zuwa ga mahaifiyata,

Ina durƙusawa da gaisuwa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya.

Mma, a gidan surukina Alhaji muka kalla, da manyan kasuwa a zaune. Da kika kira, kowa ya juyo ya dube ni. Yanzu ko Kulungugu na je ɗaukar kaya, sai in ji direbobi suna "Sumaila, Sumaila" da muryar mata. Ban taɓa cewa ban san ki ba. Abin da na ce musu lokacin neman auren Zenabu shi ne kina da babban ciniki a Salaga, kuma ba ki jure tafiya. Na san ba daidai ba ne. Tsoro na ji kada su hana ni ita, daga baya kuma kunyar gyara maganar ta fi ƙarfina.

Zenabu ta tambaye ni, na gaya mata gaskiya. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Na zauna ne in rubuto ƙorafi, amma Mma, shekarata talatin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ashe haka kike faɗarsa. In na zo, za ki karɓe ni?

Ɗanki mai biyayya, Sumaila.

*

Salaga, 14 ga Yuni

Kai ɗan Bawku,

Na amsa gaisuwa, Allah ya yi albarka.

Wallahi ban san na faɗa ba sai da innarka ta rubuto. Na ɗaga kai ne na ga mutum a bene, bakina ya yi abin da ya ga dama. Kunya kam na ji, kwana uku ban haɗa ido da kowa a tasha ba. Amma ciniki ya ninka, don haka ba ka yi musu ƙarya sosai ba.

Na ji ciwon abin da ka yi, ba zan ɓoye ba. Ni mai wake da shinkafa ce, da shi ka yi ƙashi. Amma tambayar me kake yi? Ni ba ni da maigadi. Ka zo da yarinyar mutane, kada ka zo da atamfa.

Mahaifiyarka.

*

Salaga, 28 ga Yuni

Atikatu,

Gaisuwa a tsaye, gida cike yake.

Sun iso ranar Juma'a, da Alhajin kansa, wanda ya ci faranti biyu ya nemi ƙari. Zenabu tana sauka ta ɗaura zani ta karɓe mini ludayi. Yaron nan ya durƙusa gaban direbobi, sai da na ce ya tashi yana tare mini masu saye.

Sun zo da 'yar yarinya, shekara biyu. Na ji suna ce mata Mma, na tambayi sunanta na yanka. Uban ya sunkuyar da kai, uwar ce ta faɗa. Azara.

Hau mota ki zo. Takwarar tawa tana kan cinyata ta ƙi sauka, shi ya sa rubutun ya karkace.

Yayarki.