Auren Ningrum da Faifai Ya Raba Biyu

Wonosobo

Zuwa ga yayana Mas Darmaji,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana nan lafiya, kuma aikin gonar kwakwar manja a Sabah bai sake tayar maka da ciwon bayan nan ba. Allah ya ƙara lafiya, ya dawo mana da kai cikin alheri. Mu duk lafiya lau. Mahaifiyarmu Simbok ƙafa ce dai ta hana ta fita, amma bakin nan nata yana nan daram, ko kwana ɗaya bai yi jinya ba.

An ɗaura auren 'yarka Ningrum da Pranoto, kuma na tsaya a madadinka yadda ka wakilta ni. Yaron ya riƙe hannuna ya karɓi aure da numfashi ɗaya kamar yadda ake so a nan, bai tsaya ba, bai yi in'ina ba, shaidu suka ce ya ɗauru. Ga faifan bikin na haɗo maka, amma sai ka ji abin da ya jawo.

Simbok ba ta iya zuwa masallaci ba, sai ta ce a kawo mata hoton ta gani da idonta. Bidiyon kuwa na yini guda ne, faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da awa ɗaya da ɗan wani abu, tsohuwar na'urarta kuma ba ta karanta irin na zamani. Dole a yanka shi gida-gida, a juya kowane yanki zuwa irin da take karantawa, sannan a ɗora a faifai. Aikina ne a shago kullum. Na bar wa kwamfuta ta raba shi daidai-wa-daida, ita kuwa nauyin bidiyon kawai ta sani, ba abin da ake faɗa a ciki ba. Ashe yankan ya faɗo a tsakiyar maganar ango. Faifan farko ya ƙare yana cewa ya karɓi auren Ningrum 'yar, na biyu ya fara da Darmaji.

Simbok na gani ta buga sanda a ƙasa, ta ce aure bai ɗauru ba, yaro ya yanke numfashi har an sami damar tashi a canja faifai. Na ce mata inji ne ya yanke, ta ce ita abin da ta gani ta gani, wai ni da ko tempe, curin waken suyan nan, ban iya yankawa daidai ba aka ba ni aure in ɗaura. Ta hana Ningrum tarewa, ta sa aka mayar da akwatunanta ƙarƙashin gado. Yarinyar ta yi kuka har idonta ya kumbura, dangin ango kuma suka fara aiko da tambaya. Gaskiya raina ya ɓaci, amma ban yi gardama ba, domin na san gyaran a hannuna yake.

Na koma shago na sake aikin da hannu. Na nemi inda mutane suka duƙufa kan shinkafa da naman akuya na yanka a nan, na bar ɗaurin auren cif a tsakiyar faifan farko. Da na kunna mata, ango na buɗe baki ita ma ta ɗauke numfashinta, ba ta sake shi ba sai da ya kai ƙarshe. Ta ce in ita tsohuwa ta iya riƙewa tare da shi, to ya ɗauru, a fito da akwatuna. Sai ta sa na tsayar da hoton a kan hannuna cikin na ango, ta daɗe tana kallo, ta ce hannun nawa ya yi, amma ba shi ta so gani a wurin ba, naka ta so gani. Ni ma, Mas, ranar na yi kewarka.

Ningrum ta tare jiya. Tana gaishe ka, haka ma mijinta, da matata Sumirah, da Simbok. Ka gaida Mas Wagiman da sauran 'yan garinmu da ke tare da kai.

Ƙaninka,
Warsito