Yatsu Biyu na Hannun Dogo

Baban Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, teku kuma ta lafa muku. Yaya gwiwar? Kana shafa maganin, ko yana ƙasan jaka kamar wancan karon? Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da ya zaunar da ni rubutu.

Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba na kai ƙarshen magana. Ko layin jirginku ya yanke, ko kai ka yanke ni da "Allah zai kiyaye". Na san zai kiyaye. Amma ka karanta wannan har ƙasa.

Na je gidan da ƙungiyar su Dogo ke atisayen wasan kwamfuta. Ba ka taɓa shiga ba, don haka bari in nuna maka inda ɗanka ya zama shahararre. Ɗaki ne mai labule a rufe, kujeru biyar a jere, kwamfuta biyar, ga sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, wai don kada injinan su yi zafi. Injinan ake tausayi. Kocinsu yaro ne da bai fi Dogo da komai ba sai gemu. Ya tarbe ni da "Mama, Mama", da irin murmushin da ake yi wa wanda ake so ya tafi da wuri.

Kafin ɗanka ya zauna, sai ya zaro wata rula ta ƙarfe daga aljihu. Ya auna daga bakin tebur zuwa madannai, daga madannai zuwa linzamin kwamfuta, daga allo zuwa hancinsa. Sannan ya kafa gwiwar hannunsa ta hagu a kan kaifin teburin, ya lanƙwasa ta, ya danne. A haka yake wuni. Ya ce ko kaurin farce aka gusa masa, wasansa ya lalace.

Saboda sanyin, kowannensu yana riƙe wata 'yar jaka mai ɗumi kafin a fara, don yatsu su saki. Da ya miƙo hannu zai karɓi abincin da na kai masa, sai na ga ƙuna a gefen tafinsa, ƙasan ƙaramin yatsa, ta yi ruwa ta fashe. Na tambaye shi, ya ce bai san lokacin da ya samu ba. Wani ƙaton abokin wasansa da suke kira Tanki ya ce ai jakar ce ta yi zafi fiye da kima, kowa ya yar da tasa, Zirnaƙo kaɗai ya ci gaba da riƙewa, shi ba ya jin wuta. Zirnaƙo shi ne sunan ɗanka a wasan, in ka manta. Suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Da na dawo gida na yi abin da ban taɓa yi ba: na zauna na kalli tsoffin wasanninsa. Akwai kyamarar da ke nuna hannun 'yan wasa a kusurwar allo. A na bara, yatsunsa biyar suna zuba a kan madannai kamar ruwan sama a kan kwano. A na bana uku ne ke aiki. Ƙaramin da na zobe sun nannaɗe, yana jan su kamar kayan aro. Masu sharhi kuwa suna ta ihu, wai Zirnaƙo ya fito da sabon salo. Sabon salo! Dubban mutane sun zuba wa hannun nan ido, ba wanda ya ga yana mutuwa.

Kai ne ka koya masa namiji ba ya raki, kai da ke ɗaure karyayyen yatsa da salatif ka koma ɗakin inji. To ya koya.

Ina jin tsoro, Baban Dogo. Ban saba faɗa maka haka ba, kada ka sa in maimaita.

Ka gaida abokan aiki. Ka shafa maganin.

Taka,
Maman Dogo

*

Baban Dogo,

Sallama da gaisuwa. Na ji ka ce gwiwar ta yi sauƙi, na gode Allah. Amsarka ta iso, duka layi huɗun. "Yara sun san abin da suke yi." Na ajiye ta, wata rana zan karanta maka.

Na kai shi wurin likita. Ƙarya na yi masa, na ce hawan jinina ya tashi, ina son rakiya. Sai da muka shiga ya ga hoton ƙasusuwan hannu a bango, ya kalle ni, na kalli silin.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce ya rufe ido, tana shafa masa auduga a yatsu, ya faɗi lokacin da ya ji. Duk ya ci. Har na fara sakin numfashi, sai ta ce, "Kana leƙe ta ƙasan gashin ido." Ta sa littafi ta kare. Ya sake cin rabi, domin yana jin motsin hannun rigarta. Ka ga abin da sana'ar nan ta mayar da shi. Shekaru ana horar da shi ya ga motsin da ba ya kai ƙiftawar ido, yanzu da wannan baiwar yake yaudarar likita. Sai da ta sa masa takarda tsakanin yatsun biyu ta ce ya riƙe, ta zare ta ba tare da ta ja ba. Sannan ta haɗa masa wayoyi, na'ura ta faɗi abin da shi ya ƙi faɗa.

Ka san jijiyar nan da in ka bugi gwiwar hannu kake jin kamar lantarki har yatsa? Ita ce. Ita yake dannewa a kaifin tebur kullum, a wuri ɗaya tak, domin rular nan ba ta barin gwiwar ta gusa ko kaɗan. Da yana zama sakaka kamar sauran mutane, da jijiyar ta riƙa samun hutu. Tsananin ƙwarewarsa ne ya cinye ta. Likitar ta nuna min ramin da ya fara faɗawa tsakanin babban yatsansa da manuni. Naman wurin ne ke zagwanyewa. Ta ce ya daina wasa yanzu, a yi tiyata a saki jijiyar, domin abin da ya riga ya tafi ba lalle ya dawo ba.

Tambaya ɗaya ɗanka ya yi: ko za a iya bari sai bayan wasan ƙarshe na gasa. Ta ce ba ta san ranar da hannun zai wuce inda ake dawowa ba, wataƙila ma yana bakin wurin.

A mota na sauke masa duk abin da ke bakina, ka san kuwa akwai. Ya bari na gama, sannan ya ce yana ji a yatsun, kaɗan-kaɗan, likita ce ke zuzutawa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ba ni yake yi wa ƙarya ba, ya yarda da abin da yake faɗa. Ya ce akwai wani yaro a benci, Sauro, da ke jiran kujerarsa. A wannan sana'ar wanda ya tashi ba ya komawa, kuma shi da shekara ashirin da biyu har sun fara ce masa tsoho. Tsoho! Yaron da har yau ba ya iya ninke bargo.

Na koma wurin kocin. Ya ce Dogo baligi ne, shawara tasa ce, su iyali ne a nan. Na ce masa na karanta littattafai da yawa a kan irin iyalin da ke cinye 'ya'yansu, kuma a cikinsu duka akwai mai gemu yana murmushi. Bai gane ba, ya ce na gode, Mama.

Yanzu ga inda nake. Masu shirya gasar suna da nasu likitan. In aka kai masa rahoto, zai iya hana ɗan wasa hawa dandali. Lambarsa tana cikin wayata. In na kira, na ceci hannun, amma Dogo zai san ni ce, kuma zai rayu yana cewa uwarsa ta sace masa kofin da ya ba ƙuruciyarsa. In ban kira ba, zan iya samun ɗa mai kofi wanda ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa. Ya riga ya daina sa riga mai maɓalli, ka lura a hotuna?

Kuma zan faɗa maka abin da ya ƙara min haushi. Da na yi ta kallon wasannin nan, na fara ganewa. Ya iya, Baban Dogo. Ko da yatsu uku, in ya shiga fili sauran 'yan wasa tara kamar a cikin ruwa suke tafiya. Da ma shirme ne, da ya fi min sauƙi.

Ba na barci. Kada ka rubuto min "Allah zai kiyaye" kawai. Ka ƙara ko da layi ɗaya naka.

Taka, cikin fargaba,
Maman Dogo

*

Baban Dogo,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Na gode da wasiƙarka. Wannan karon ka cika shafi, har ka ce kai ma ba ka barci. Na yafe maka layi huɗun.

Ban kira likitan gasar ba. Abin da na yi ya fi haka muni, ko ya fi kyau, kai za ka faɗa min.

Ranar wasan ƙarshe ana barin iyaye su shiga wani lungu a bayan dandali su gaisa da 'yan wasa. Ƙasa tana rawa saboda ihun 'yan kallo. Ga su biyar cikin riguna iri ɗaya, kowa da jakar ɗuminsa, ga Sauro a gefe yana cizon farce, ɗan siriri abin tausayi. Dogo ya zo wurina fuskarsa tana haske. Rabon da in gan shi haka tun yana ƙarami.

Na ce ya ba ni hannun in yi masa addu'a. Ya ba ni. Na rufe shi tsakanin tafukana, na ce ya dube ni. Akwai fil ɗin da na cire daga mayafina, yana tsakanin yatsuna. Ina kallon ƙwayar idonsa na soka masa shi a kan ƙaramin yatsa. Ban yi da wasa ba, na tura shi sosai.

Ya ci gaba da magana. Yana gaya min kujerata tana layi na uku, kada in zauna kusa da lasifika saboda kaina, in an gama in jira shi a nan. Yana murmushi. Ni na haifi yaron nan, na san ihun da yake yi in an zo yi masa allura, sai mutum biyu sun riƙe shi. Na tsaya ina jiran wannan ihun kamar mai jiran kukan jariri a ɗakin haihuwa. Bai zo ba.

Tanki ne ya fara gani. Ya ce, "Kai, Zirnaƙo, takalminka." Jini ne ke ɗiga a kan farin takalmin. Na buɗe tafukana. Fil ɗin yana tsaye a yatsansa.

Dogo ya daɗe yana kallon wurin. Ya zare fil ɗin da kansa, ya sake soka shi a gefen, a hankali, yana kallo. Sannan ya sa yatsan a baki kamar yaro, idonsa ya cika da irin tsoron da na yi makonni ina ɗauke da shi ni kaɗai.

Kocin ya fara cewa ai ɗan ciwo ne, a kawo filasta. Dogo bai kalle shi ba. Ya zaro rular daga aljihu ya miƙa wa Sauro. Yaron ya ce ai awonsu ba ɗaya ba ne. Dogo ya ce, "Riƙe dai. Amma kada ka ɗora gwiwarka a bakin tebur."

Sun ci kofin. Da ma sun faɗi, da ya samu abin riƙewa, ya ce don babu shi ne. Muna tsaye a lungun muna jin filin gaba ɗaya yana kiran sunan Sauro. Kafin mu isa mota, ƙungiyar ta fitar da sanarwar godiya ga Zirnaƙo bisa shekarun da ya yi musu hidima.

An yi tiyatar, an ce ta yi kyau. Ko jin zai dawo, likita ta ce sai dai a jira, jijiya ba ta sauri. Yana gida, a tsohon ɗakinsa. Ba ya yi min magana. Gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice, kamar mai biyan tara.

Ka roƙa masa Allah. Ka roƙa min ni ma.

Taka,
Maman Dogo

*

Baban Dogo,

Gaisuwa a gurguje, mai kai saƙonku yana jira. Ina fata gwiwar ba ta tashi ba.

Har yanzu ba ya magana da ni, amma kullum da safe yana zuwa teburin kicin, ya shimfiɗa hannun a gabana, ya juya fuskarsa gefe. Ba ni na ce ya yi ba. Ni kuma in ɗauko fil, in taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya. In na gama ya janye hannunsa ya tafi.

Yau da na taɓa na zoben ya ce, "Wash, Mama."

Na zauna ina hamdala, ina kuka, shi kuma ya dafa kafaɗata da hannun dama kafin ya fita. Rabon da ya taɓa ni tun ranar gasar.

Sai da na tashi zan kwashe kofuna na lura da inda ya juya fuskarsa. Butar shayin nan ta ƙarfe ce a wurin, wadda nake gogewa har tana ƙyalli. Na zauna a kujerarsa na duba. Ana ganin teburin gaba ɗaya a jikinta, har da inda hannuna yake.

Wataƙila ya ji da gaske. Wataƙila kuma ya gaji da ganin fuskata haka ne, ya ce bari ya ba uwarsa abin da take jira. Ban san wanne ba ne, kuma ban tambaye shi ba.

Na ɗauke butar na sa a kabad. Gobe da safe zan sani.

Ka dawo gida, Baban Dogo. Ka zo ka riƙe fil ɗin nan ko da sau ɗaya ne.

Matarka,
Maman Dogo