Rabon Littattafan Iliasu na Bakin Tashar Salaga

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni ne Iliasu ɗan Sualihu, mai sayar da littattafai a bakin tashar Salaga. Ina faɗa, 'yata Safura tana rubutawa, domin idanuna sun tafi tun bara, ƙafafuna kuma sun kumbura har ba sa shiga takalmi. Amma hankalina yana nan daram, na san abin da nake faɗa, ba kuma wanda ya tilasta ni. Liman Issahaku yana zaune yana ji, shi ne shaida. Muna cikin azumin shekara ta 1969, kwanakin da rediyo ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar Gana.

A bayan jaki aka kawo ni garin nan daga Katsina, cikin ayarin fatake, ban ko yi kaciya ba. Ban taɓa komawa ba. Yau an ce ni baƙo ne, 'ya'yan da na haifa a nan ma baƙi ne. Ni dai ba zan shiga motar kowa ba, wanda zai fitar da ni ya riga gwamnati isowa ƙofa. Ku nake ji wa: Abdul-Kadiri da ke Yendi, Abdul-Rahim da ke Bawku, da Safura da ke gabana.

Gida da gonar doya a raba su yadda shari'a ta ce, liman ya fi ni sani. Maganata a kan littattafai ce.

1. Littattafan addini duka, har da Alƙur'anin da mahaifina ya rubuta da hannunsa, na Abdul-Kadiri ne. Shi ne mai almajirai, a hannunsa ba za su kwanta ba.

Ba zan tsallake abin da ya faru ba, tunda shi ya raba gidan nan. Shekarar da ta bi samun 'yancin kai, Abdul-Kadiri, ka zo daga Yendi da sabon karatu a kai. Ka kwashe littattafan hira daga teburina, ka kai su bayan gida ka cinna musu wuta, ka ce ƙarya ce da ke shagaltar da mutane daga ambaton Allah. Abdul-Rahim ya tarar da kai a bakin wutar, ya kai maka duka har haƙorinka ya fita. Mahaifiyarku Atikatu ta shiga tsakani, aka ture ta ta faɗi a kan turmi, ƙugunta ya karye. Har yau ban san hannun wa ya ture ta ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Da jan gindi ta ƙarasa kwanakinta. Ran da za ta rasu ta ce mini, "Malam, ashe ba zan gan su a tabarma ɗaya ba." Ba ta gani ba. Ko a jana'izarta sahu daban kuka tsaya.

2. Abdul-Kadiri, ga wani ƙari. Akwai ɗan littafi mai bangon ƙasa-ƙasa, labarin rayuwar Damata. Ka san ta, tsohuwar nan mai sayar da itace a bayan masallaci, wadda kuke tsokana kuna yara. Wani malamin makarantar boko ya zauna da ita kafin ta rasu, ya rubuta daga bakinta, ya buga 'yan kaɗan a Tamale bara. Ka ce ƙagaggen labari ƙarya ne. To wannan ba ƙage a ciki.

An kamo ta tana ƙarama daga ƙasar Gurunsi. Ta faɗi yadda aka yi musu wanka a rijiyoyin garin nan, aka shafe su da man kaɗanya don su yi ƙyalli, aka zaunar da su a kasuwa. Wanda ya saye ta malami ne, ba ya wasa da salla, ta ce bai taɓa dukanta ba, bai kuma taɓa tambayarta sunanta na gida ba. Akwai wurin da ta ce, "Na manta fuskar uwata, amma ban manta wuyanta ba, don shi nake gani daga baya." Da Safura ta karanta mini nan, sai na ce ta ajiye, ban iya ci gaba ba ranar. Ka karanta shi kafin ka sake hawa wa'azi. Ka karanta wa almajiranka ma, su san garin da kakanninsu suka yi arziki a cikinsa.

3. Abdul-Rahim, an gaya mini ka sayar da rumfar albasa, ka ɗaure kaya, za ka tsallaka ta ƙasar Mosi ka nufi Katsina da iyalinka. Ban hana ka ba. Wanda aka zo har ƙofar shagonsa aka yi masa ihu ya san abin da ya gani.

Naka shi ne littafin Musah soja, mutumin garinku Bawku, wanda aka kai ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu. Shi ya rubuta da kansa, da Hausar bariki, ba a gyara masa ba, gara da ba a gyara ba. Tsakiyarsa akwai gajiyarwa, ya cika bayanin yadda ake kwance bindiga, kana iya tsallakewa. Amma kada ka tsallake inda yake ba da labarin jirgin ruwa, da matsattsaku a daji, da abokinsa da suka binne ba likkafani. Abin da ya sa na zaɓa maka shi yana ƙarshe. Ya dawo gida da ƙafa ɗaya, ya tarar an yi masa sadakar mutuwa, matarsa tana ɗakin wani, gonarsa a hannun ƙanensa. Ya zauna a ƙofar gidan ubansa kamar mai jiran izini. Bai yi kuka a littafin ba, bai zagi kowa ba, ya dai faɗi yadda ya nemi aikin gadi ya ci gaba da rayuwa.

Kai ma za ka je inda ake ce maka gida, ba wanda ya san fuskarka. Za su ji Hausarka su yi dariya, su kira ka ɗan Gwanja. Kada ka zaci za a yi maka shimfiɗa don sunan kakanka. Ka karanta Musah a hanya, isowar za ta zo maka da sauƙi.

4. In an binne ni, kusa da Atikatu nake so. Bayan haka ku biyu ku shiga mota ɗaya. Hanyar Bawku ta Yendi ta bi, saboda haka Abdul-Rahim ba shi da uzuri. Ka sauka gidan yayanka, ka ci tuwonsa, 'ya'yanku su ga juna. Ban ce wani ya ba wani haƙuri ba, na san ku, za ku ɓata wata guda kuna jiran wanda zai fara. Ku dai gaisa, ku yi salla sahu ɗaya. Abdul-Kadiri, ka raka ƙanenka har tasha. Da zarar ya tsallaka iyaka, ba na zaton za ku sake haɗuwa a duniyar nan. Ba tsoratarwa nake yi ba, na ga waɗanda suka tafi a da, na ga nawa suka dawo.

5. Tebur da sauran littattafan hira na Safura ne, tunda mijinta ɗan ƙasa ne, za ta zauna. Ita ce idona tun da na makance, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Masu saye za su ragu, rabin Zango, unguwarmu ta baƙi, ya watse. Duk da haka kada ki sayar wa masu ƙosai su yi ƙunshi da su. In ba mai saye, ki ba da aro.

Sababbi uku direban motar goro ya kawo mini daga Nijeriya bana. Mai hoton mota a bango kada kowa ya ɓata idonsa, wanda ya rubuta shi bai taɓa jin yunwa ba, mutanen ciki duk magana ɗaya suke yi kamar mai karanta labarai a rediyo. Na ɓarawon shanu ki ba 'ya'yan Abdul-Rahim, akwai ban dariya, zai rage musu kuka a mota. Mai shuɗin bango shi ne littafi. Labarin wata ungozoma ce a garin da jirgin ƙasa ke tsayawa, shekarar da cutar agana ta shigo, kowa ya gudu, ita ta tsaya tana karɓar haihuwa a gidajen da ake fitar da gawa. Ban taɓa jin an rubuta tsoro da gaskiya haka ba. Mun tsaya inda ta ga ƙurji na farko a hannun ɗanta. Numfashina ba ya bari in saurara da kyau yanzu, na san ba zan ji ƙarshensa ba. In 'yan'uwanki sun iso, kafin su tafi, ki zaunar da su a ɗakin nan ki ƙarasa musu. Abdul-Kadiri, ka zauna har a rufe littafin. Wannan umarni ne.

Na yafe muku duka, wanda ya ƙona da wanda ya yi duka, na kuma san uwarku ta yafe. Ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare mai tafiya, Ya rufa asirin mai zama. Ƙasa uku za ta iya raba ku, amma gidanku ɗaya ne, kada ku bari 'ya'yanku su tashi ba su san sunan juna ba.

Safura, ajiye alƙalamin haka nan. Liman, shafa mana Fatiha.