Ranar da Surukina Ya Yi Mini Tafinta

Zuwa ga Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya kai haske kabarinka. Ƙaninka Sale ne.

Abin da ya ɗauke ka ya zo mini, Yaya. A kan gora na fara jin sa, ina kamun kifi a Baturiya: ƙwan maraina na hagu ya yi tauri kamar tsakuwa, ba zafi. Na tuna yadda ka shekara kana cewa gwaiwa ce, kana ɗaure ta da tsumma, har muka kai ka makwanci. Kunya ta kashe ka, kuma har yau ina jin haushinta.

Na tafi asibiti a Hadeja. Likitan Bature ne, ba ya jin Hausa, sai aka kira malamin asibiti ya yi tafinta. Ka san wa ya shigo? Malam Isa, uban matata Ladi, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na laluba takalmina zan gudu.

Sai ya juya fuskarsa bango ya ce, “Yau ba ni da ’ya, kai ma ba ka da suruki. Faɗi.”

Na faɗa. Likita ya duba, ya ce ba gwaiwa ba ce, daji ne, sai an cire wannan ɗin a Kano kafin ya yaɗu. Ka san lokacin Ladi ba ta taɓa haihuwa ba. Na daure na tambaya ko shi ke nan ni da haihuwa. Bature ya yi ta zuba Turanci, Malam Isa kuwa, fuskarsa na bango, ya ce, “Ya ce mai ido ɗaya ma yana ganin hanya.”

Na hau jirgi a Malam Madori, aka yi aikin. Damina uku ke nan, ina komawa ana duba ni, lafiya lau. Malam Isa bai taɓa tayar da zancen ba. In mun haɗu na durƙusa, ya kau da kai, kamar da.

Jiya muka yi suna. Ragon daga gidansa ya fito, da saƙon wai a sa wa yaron Habu.

Allah ya jiƙan ka, ya raya takwaranka.

Naka har kullum,
Sale